Guɗa Uku a Gidana da Rana Tsaka

Abubuwa da yawa sun same ni a duniyar nan na manta da su, wasu ma da gangan na manta. Amma ranar da aka yi guɗa uku a gidana da rana tsaka, har mutanen unguwa suka zo yi mani barkar 'ya'yan da ba a haifa ba, wannan kam ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah.

Ni mutumin Sheme ne. Noma nake yi, in kuma injin niƙa ko janareto ya lalace a kawo mani in duba. Boko ban yi nisa ba, ƙwallo kuma ba ta dame ni ba, balle ta mata. Abin da ya haɗa ni da ita, yayata ce.

Ita ta goye ni. Ni ne autan ɗakinmu, kuma har yau da furfura a gemuna Auta take ce mani. An yi mata aure a wani ƙauye can cikin dajin Sabuwa, ta yi zamanta da Malam ɗinta shekara da shekaru. A yankin nan kaf an san ta da abu guda: guɗa. Ba a kai amarya sai an aika mata. In ta kama hanci ta saki murya, daga wani ƙauyen ana jiyowa a ce ga ta can. Ita ta yi guɗar aurena, kuma kunnena na hagu bai yafe mata ba.

Sai ciwo ya kama Malam a lokacin da 'yan bindiga suka hana bin hanya. Kafin a samu motar da za ta yarda ta shiga, rai ya yi halinsa. Ba a jima ba ƙauyen ya watse. Da ta fita takaba na je na ɗauko ta, na ba ta ɗaki a gidana.

Matar da na kawo ba ita ce yayar da na sani ba. A gaishe ta ta amsa, shi ke nan. Tuwo sai ta taɓa gefe ta ture. An yi biki a maƙwabta, aka zo har ɗaki ana roƙonta, ta ce muryar ta tafi. Sai rannan da damina, masara ta kai ƙugu, ta kira ni ta ce gobe bayan azahar za ta bi motar Sabuwa, ta koma ƙauyensu ta zauna kusa da kabarin mijinta.

Na ce, "Yaya, wa ke can? Ko kaza babu."

Ta ce, "Malam na can."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na turo liman ya yi mata nasiha. Ta saurara da ladabi, ta tashi ta ɗaure kayanta a zane. Na san dajin nan. Na san in ta shiga ba zan sake ganinta ba, kuma ba ni da ikon ɗaure wadda ta goye ni.

Da la'asar ɗin ranar ina zaure ina kwance wani inji, rediyo na ta surutu a gefena. Aka shiga labarin wasanni, aka ce 'yan matan ƙasarmu za su buga gobe a gasar duniya, can wata ƙasa mai nisa inda hantsinmu shi ne darensu. Sai na ji motsi a bakin ƙofar shiga cikin gida. Yaya ce tsaye da buta a hannu.

Ta ce, "Da wa za su kara?"

Na waiwaya in ga ko da wani take. Na ce, "Wai da masu masaukin baƙi. Ke mi ya haɗa ki da ƙwallo?"

Ta aje butar ta zauna a dokin ƙofa. Abin da ta faɗa mani a zaman nan ya fi duk maganar da ta yi tun zuwanta gidana. Ashe shekarar da aka kai ta ɗaki, Malam ya ji a rediyo cewa mata sun fara buga wa ƙasa ƙwallo, ya shigo yana dariya ya ba ta labari. Daga nan abin ya zame masu hira. In za a yi wasa sai ya ɗora rediyon bisa turmi, ta bar abin da take yi su saurara tare. Ita da kofunan da 'yan matan ke ci take gane shekarunta. Ta ce wata ɗiyarta a shekarar cin kofi ta haife ta, rumbunsu ya ƙone a shekarar da aka fitar da su da wuri.

Ta ce, "Duk Afirka ba wadda ta kai su ɗaukar kofi, Auta. Kuma tun da aka fara gasar duniya ba a taɓa yi ba su ba. Na duniyar ne dai Allah bai ba su ba tukuna. Bara aka ƙwace na Afirka daga hannunsu, na ƙi cin tuwo, Malam ya ce in kwantar da hankalina, ɗiyan nan za su maido shi." Can ta ce, "Ka ga duk shekarun nan, ban taɓa ganin fuskar ko guda ba. Murya kawai."

Katangar gidana ɗaya ce da ta wani gidan kallo. Na je wajen mai shi, abokin wasana ne, na ce ko zai nuna wasan gobe. Ya kalle ni sama da ƙasa.

"A wannan tsadar fetur zan ƙona mai saboda ƙwallon mata? Wa zai zo? Kowa na gona."

Na ce ni ba zuwa zan yi ba, talabijin ɗin nake so ya miƙo mani ta kan katanga, in ja waya, in tada nawa injin. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in ɗauka, amma in ta faɗi ta fashe in ba shi gonata ta fadama.

Da hantsi muka tsallako da talabijin ɗin, na ɗora bisa turmi a tsakar gida, yadda Malam ke ɗora rediyonsa. Na ce da Yaya, "Motarki sai bayan azahar. Ki gan su da idonki, sannan ki tafi." Ta fito. Ƙullin kayanta ta jawo ta zauna a kai.

Matata a lokacin tana da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Ita ta aika wa matan maƙwabta, kafin ka ce mene ne wannan tsakar gida ta cika. To, matan aure sun shigo, maigida ba shi da wurin zama. Na zagaya bayan gida wajen janareto, wanda dama tsoho ne, in ba a tsaye kansa ba sai ya shaƙe. Daga can ina jiyo su ta kan katanga.

Wata ta ce, "Subhanallahi! Ko ɗankwali babu?"

Sai muryar Yaya: "Ke, ƙafa ake kallo, ba kai ba."

Na daɗe ban ji ta gwale wani ba. Na yi murmushi ni kaɗai a cikin hayaƙi.

Can sai gidan ya yi tsit, sai salati ƙasa-ƙasa. Na gane an ci mu. Na ce a raina shi ke nan, na tara mata baƙin ciki a kan baƙin ciki, ga mota na tafe. Ban gama wannan tunani ba sai na ji ta. Doguwa, siririya, ta keta ƙarar injin ta wuce bisa rufin unguwa. Ba sai an faɗa mani ba. Guɗar aurena ce. Sukudireban da ke hannuna ya faɗi ƙasa, na bar shi a nan. Ni ba mai kuka ba ne, kuma hayaƙin janareto na shiga ido, a bar shi a haka.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, a wajenmu guɗa da rana tsaka a gidan da ke da mai tsohon ciki ma'anarta ɗaya ce. Kuma lokacin ne mutane ke dawowa daga gona. Na zagayo ƙofar gida in sha iska, sai ga wani dattijo maƙwabcina da fartanya a kafaɗa ya miƙo mani hannu.

"Barka, barka! Mi aka samu?"

Na ce, "Baba, an dai rama. Ɗaya da ɗaya."

Ya ce, "To, Allah shi raya," ya wuce masallaci. Kunnensa da nauyi, ni kuma hankalina na kan inji, ban tsaya gyara mashi ba.

Na koma bayan gida. An ɗan jima sai ga guɗa ta biyu, wannan karon har da tafi da buga ƙwarya. Kafin in zagayo, mutum ya taru a ƙofar gidana ana cewa tagwaye ne. Ina ɗaga hannu ina cewa ku tsaya ku ji, sai ta uku ta tashi, ta fi na baya tsawo. Wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Innalillahi! 'Yan uku a wannan zamani? Allah shi rufa maka asiri." Mai sayar da raguna na unguwarmu kuwa har ya matso kusa da ni yana cewa kar in damu, akwai masu kyau a garke. Shi kuma mai gidan kallo, wanda ya san komai, yana gefe ya jingina da bango yana cewa, "Ai na faɗa mashi shi rage cin ƙwai."

Da na samu aka saurare ni na ce ƙwallo ce, 'yan matanmu ne suka ci uku, sai kallo ya koma sama. Masu cewa wa zai kalli ƙwallon mata su ne ke leƙen zaure. Amma talabijin na cikin gida, cikin gida kuma ba shiga. Haka ƙattin maza suka tsaya cirko-cirko a rana suna kasa kunne, suna jiran mata su ba su labari.

Ana haka sai ga ungozomar unguwa, tsohuwa ce ƙwarai, tana tafe tana haki da reza a ƙulle bakin zane. Ta ture mu ta shige tana cewa, "Wace marar kunya ce ta yanke cibi a unguwata ban sani ba?" Daga baya matata ta ba ni labari cewa tsohuwar ta tarar da ita zaune daram da cikinta tana dukan cinya tana cewa alƙalin wasa ya hura usur a tashi. Wai sai ta tsaya baki buɗe, sannan ta nemi wuri ta zauna ta ce, "To, su wa ke da koren kaya?"

Ƙarshen wasan bai zo da sauƙi ba. Masu masaukin sun rama ɗaya, alƙali ya ƙi tashi, matan gidana suka koma addu'a kamar ana roƙon ruwa. Da aka tashi uku da biyu, kowa a Sheme ya sani.

Mata suka fara fita, na shiga. A daidai lokacin motar Sabuwa ta tsaya a ƙofa tana hon, don na riga na yi wa direban magana. Yaya ta miƙe, fuskarta jiƙe, ta sunkuya za ta ɗauki ƙullinta. Ni kuwa duk abin da zan faɗa na riga na faɗa jiya. Sai ungozoma ta ɗora sandarta a kan ƙullin.

"Ina za ki? Kin taso ni daga kan abinci, kin tara gari da guɗar ƙarya har uku. Wallahi ba inda za ki sai kin yi mani ta gaskiya."

Matata ta kama gefen zanenta ta ce, "Yaya, in kin tafi wa zai yi wa wannan?" Ta nuna cikinta.

Yaya ta dubi talabijin, ana ta nuna 'yan matan suna rungume juna. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo gare ni.

"Auta, yaushe za su sake bugawa?"

Na ce, "Nan da 'yan kwanaki."

Ta ce, "To, ka ce da direba shi tafi. Kuma injin nan naka ka gyara shi, ƙararsa ta hana ni jin sunayensu."

Ba su ɗauki kofin duniya ba a shekarar, a bugun daga kai sai mai tsaron gida aka fitar da su. Na ji tsoro ranar, na yi ta satar kallon ɗakinta ko zan ga ƙulli. Ban gani ba. Tana can tana faɗa da matata a kan yawan gishiri a miya. Da matata ta sauka lafiya, ɗiya mace, Yaya ta yi guɗar da ba wanda ya yarda da ita sai da ungozoma ta fito da kanta ta rantse. Yanzu yarinyar a ɗakinta take kwana, ita ke goyonta kamar yadda ta goye ni. Kofin Afirkan kuwa ɗiyan nan sun maido shi daga baya. Ranar Yaya ba ta yi guɗa ba. Ta ce kawai, "Malam ya faɗa," ta shiga ɗaki ta yi mashi addu'a.

Na gaji da abubuwa da yawa a rayuwa, ba na kuma son dogon wa'azi. Amma na koyi abu guda. Wanda baƙin ciki ya rufe, faɗa ba ya buɗe shi, hujja ma ba ta buɗe shi. Ka nemi abin da yake so tun kafin baƙin cikin ya zo, ko da kai a wajenka wasa ne, ka kawo mashi har inda yake zaune. Na yi shekara hamsin ina ganin na san yayata, ashe rabin ranta na cikin wani rediyo bisa turmi. Waɗannan 'yan mata ba su san akwai wani gari Sheme ba, amma su suka riƙe mani ita ranar da ni na kasa.