Atisaye a Bayan Zani

"Ai talla ce, ɗan'uwa, meye na fushi?" in ji mai shagon kwamfuta.

Saurayin da yake wa magana siriri ne, farcensa duk baƙin mai, da alama daga gareji yake satar lokaci. Ya rataya zanin gado a bayan kujerarsa, kada a ga yadda yake jera dakarunsa a wasan yaƙi na intanet kafin gasar gobe. Ashe mai shagon ya haɗa allonsa da talabijin ɗin ƙofa, ga abokin karawarsa zaune gabanta yana murmushi.

"Na gode, maigida," ya ce a hankali. "Gobe ma ka nuna musu yadda zan sha kashi."

Ya kashe kwamfutar, ya fice ɗauko ƙannensa daga makaranta.