Gadar Da Ba Ka Gina Ba, Hammadu

Na Allah ne mu, gare Shi kuma muke komawa. Ranar Laraba, tara ga watan Yuli na shekarar 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ɗan ƙanwata, Sarjan Hammadu Sidi, a kan wata hanya can gabas kusa da tafkin Chadi. Shekarunsa talatin da ɗaya. Can aka binne shi tare da abokan aikinsa uku. Mu a Bande ba mu ga gawa ba. Akwatinsa na ƙarfe aka kawo mana, a ciki da takalmansa da tabarmar sallarsa.

Hammadu, kawunka ne ke magana, tsohon direktan lakwal, wato shugaban makarantar boko, wanda garin nan ke kawo wa kowace takarda ya karanta. Shekara talatin ina fassara wa mutane abin da hukuma ta rubuto, har na ɗauka babu abin da ya shige mini duhu. Wannan taƙamar ce ta ɗora ka a hanyar da ka mutu, kuma yau zan faɗa da bakina.

Da ka ci burbe, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ka ce soja za ka shiga, mahaifiyarka Hinda ta yi kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba. Kai ne ɗanta na fari. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunanka ba, sai dai ta ce "yaron nan", don haka ko roƙonka ba ta iya yi ba. Wurina ta zo. Ni kuwa na gyara tabarau na lissafa mata hanyoyin: akwai ɗaukar ƙananan sojoji a Damagaram, akwai kwankur, jarrabawar shiga makarantar sarjan-sarjan a Agadas, hafsa kuma sai mai bak, takardar gama babbar sakandare. A cikin aikin akwai masu bindiga, akwai na sama, akwai masu jinya, akwai masu waya, akwai jeni, wato injiniyoyin soja. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, jeni za ka zaɓa. Na taɓa ganin sojojin jeni da idona suna gyara hanya, suna zuba kankare a wani kwalbati. Iyakar sanina ke nan. Na rantse mata cewa gada za ka riƙa ginawa, ko ƙarar bindiga ba za ka ji ba. Ban tambayi soja ko ɗaya ba, don a ganina direkta ba ya tambaya.

Ka ci kwankur, ka tafi Agadas, da aka ba ku takardar zaɓi ka rubuta abin da na ce. Ban san ranar da ka gane cewa jeni su ne kuma masu tono nakiyar da ake binnewa a hanya ba. Ba ka taɓa gaya mini ba. Duk hutun da ka zo, Hinda za ta tambaya ta bayan ƙofa, "Yaron nan, gadar ta ƙare?" Ka ce, "Saura kaɗan, Inna." Shekara tara gada ɗaya ba ta ƙare ba, ni kuma ina gefe ina kaɗa ƙafa, ina jin daɗin shawarata.

Samarin Bande da na Dantchiao sun san ka da wata fuska. In ka zo hutu sai ka jera su jikin bangon lakwal ka auna tsawonsu da gawayi, ka sa su gudu har su yi amai, kana binsu kana tsokanarsu da cewa fura ta yi musu nauyi. Mai ciwon ido ka ce ya fara zuwa likita. Mai son a rage masa shekaru a takardar haihuwa ka kore shi. Yarinya mai bak ka ce kada ta raina kanta, ta nemi hafsa. Kowa ka gaya masa daɗin hanyarsa da wuyarta. Ran da wani Nura ya tambaye ka aikin jeni a gabana, ka dube ni, ka ce masa, "Wannan sai mun keɓe." Na ɗauka girman kai ne. Ashe asirina kake rufewa.

Kaparan Mahdi, kofur ɗin da ke bayanka a ranar, shi ya kawo akwatin, hannunsa na dama a ɗaure. A zaurena ya ba ni labari. Ya ce kai ne mai tafiya da ƙafa a gaban motoci. Akwai na'ura a hannunka, amma ka fi yarda da idonka, idon ɗan manomi da ya san ƙasar da aka taɓa da wadda ba a taɓa ba. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ciyawa ta fara tsiro, sai ka ga wani wuri da tsiron ya kwanta. Ka durƙusa, ka tona da yatsunka, ka yanke wayar nakiyar farko. Kana kan ta biyu aka buɗe muku wuta daga daji, hagu da dama.

Harsashin farko ya shiga maƙogwaron direban motar gaba. Motar da ke binta ta kama wuta da mutum biyu a ciki, ana jin ihunsu, ba mai iya matsawa. Harsashi ya karya hannun Mahdi, wani ya fasa cinyarka. Sai direban babbar mota, mai ɗauke da mutum goma sha ɗaya, ya murɗa kanta zai sauka gefen hanya ya tsere. Kai kaɗai ka san abin da ke gefen, don ka riga ka ga alamar ta uku. Mahdi ya ce ka miƙe a kan ƙafa ɗaya, jini na zuba cikin takalminka, ka tsaya a gaban motar ka buɗe hannuwa. Ta tsaya. Harsashi biyu suka same ka a ƙirji, ka faɗi da baya a kan wurin da ka hana ta takawa, nakiyar ta tashi. Da ƙurar ta lafa, maharan suka janye, abin da aka tsinto naka bai cika bargo ɗaya ba. Mutum goma sha ɗayan nan duk suna raye.

Ran sadakar uku, bayan mata sun watse, Hinda ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Yaya, wai gadar ce ta rufta da shi?" Na so in ce e. Kai ka riƙe wannan magana shekara tara don kada ta kwana da fargaba, kada kuma in ji kunya a gabanta, kuma da na ce e da ba wanda zai tona ni. Amma sai ka zama wanda ƙarfe ya faɗo wa a wurin gini, ita kuma ta mutu ba ta san ɗan da ta haifa ba. Na ce, "Hinda, babu wata gada. Ni ne ban sani ba, na kuma rantse miki." Na gaya mata duk abin da Mahdi ya faɗa, ban rage komai ba.

Ta dubi akwatin. Sai ta ce, "Mutum nawa ka ce?" Na ce goma sha ɗaya. Ta ɗora hannu a kan murfin, ta ce, "Hammadu." Shekara talatin da ɗaya, ran nan na fara jin sunanka a bakinta. Game da laifina kuwa ba ta ce mini komai ba, har yau kuma ba ta ce ba. Ina jira, kuma ban ga laifinta ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Hammadu, Ka karɓi shahadarsa, Ka tara abin da ya watse na jikinsa cikin rahamarKa, shi da waɗanda suka kwanta tare. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa Sa'a, da 'yarsa Amira wadda ba ta kai shiga lakwal ba, da dangin mahaifinsa na Guci, da Mahdi da sauran abokan aikinsa. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin mutum. Ke kuma Hinda, ƙanwata, Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya haɗa ki da shi a Aljanna ki kira sunansa yadda kike so. In kin samu sarari wata rana, ki yafe mini.