Ɗan Farin Inna ta Ka'akiyya

A unguwar Zahir ta Makka aka haife ni, a gidan da kakana ya kama haya bayan ya zo Hajji daga Kano ya ƙi komawa. Hausata ta cikin gida ce, rabinta Larabci, har Umma takan ce jin maganata kamar cin shinkafa mai tsakuwa ne. Duk da haka da ita nake cin abinci. Na daɗe ina tafinta a wani ƙaramin asibiti tsakanin likitoci da tsofaffin alhazai, kuma a nan wani lauya ya same ni. Umra ya zo, ciwon ciki ya kawo shi wurinmu.

Ya ce shi ke tsaya wa mutanen wani gari can tsakiyar Afirka, waɗanda 'yan bindiga suka afka wa kasuwarsu, suka kashe na kashewa, suka cinna wa rumfuna wuta. An kama jagoran, yana gaban kotun duniya a Turai. Kotun ta ba waɗanda aka zalunta dama su shiga shari'ar ta bakin lauyansu, in an yanke hukunci kuma a yi musu diyya. Da yawansu Hausawa ne, gudu ya watsa su har Makka, shi kuwa Faransanci yake ji da ɗan Larabcin makaranta. Aikina in nemo su, in saurare su, in rubuta, in tura masa. Na ce bismilla.

Na zaci aikin rubutu ne, ashe aikin zama ne. Ki hau bene, a zuba miki shayi, a tambayi lafiyar Umma da ta kowa, kafin a zo kan magana la'asar ta yi. Ni kuwa Allah bai hore min haƙuri ba, kowa a gidanmu ya shaida. A haka dai na koya.

Wata mata ce ta kira ni unguwar Ka'akiyya, ta ce in zo in ji ta bakin mahaifiyarta. Tun a matattakala ta tare ni ta ba ni labari ƙasa-ƙasa. Ita tana aure a nan lokacin da abin ya faru. Yayansu, ɗan farin tsohuwar, yana da rumfar atamfa a kasuwar, a bakin rumfar aka harbe shi. Tun da aka yaye shi yayar tsohuwar ta ɗauke shi riƙo, ita ma ta rasu a hanyar gudu. Bai bar ɗa ba. Ta ce duk ranar kasuwa uwar sai ta ƙirƙiri sayen gishiri, don kawai ta wuce ta gaban rumfar ta gan shi da gefen ido. Ran nan ma gishirin ta je saye.

Na shiga na durƙusa na gaishe da uwar, wadda kowa ke ce wa Inna. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, idonta ɗaya ya yi fari. Inna ta ba ni labarin ranar tiryan-tiryan, ba ta yi kuka ba, ba ta tsallake komai ba: ta inda motocin suka shigo, irin kayan da ke jikinsu, wanda ya ba da umarni, inda ta tsaya. Ban taɓa samun mai shaida kamarta ba. Sai na zo kan tambayar da ba makawa.

"Inna, shi wanda aka harbe ɗin, mene ne shi a wurinki?"

Ta ce, "Yaron Yaya ne."

"Sunansa fa?"

Ta dubi kofina ta ce, "Shayinki zai huce, 'yar nan."

Nan take na gane, don a gidanmu ma Umma ba ta taɓa kama sunan babban wanmu ba, "wancan" take ce masa har ya yi furfura. Kunyar ɗan fari ce. Na rubuta yadda ta faɗa, na ƙara bayanin al'adar a ƙasa, na tura.

Amsar da lauya ya dawo min da ita ta hana ni cin abinci. Ya ce shi ya yarda, ma'aikatan kotun ma ba su ƙaryata ba, amma lauyoyin wanda ake tuhuma za su gani. Ga mace ta ce da bakinta ɗan wata ne, ta ƙi faɗin sunansa, takardun haihuwa kuma sun ƙone da gidan. Ita 'yar ma dangantakarta da shi ta bakin uwar za ta bi. In ba a samu abin dogaro ba kafin a rufe karɓar mutane bayan ƙaramar Sallah, ba wanda zai tsaya wa mai rumfar atamfa a shari'ar. Za a yi ta a gama kamar ba a taɓa haihuwarsa ba.

Na koma Ka'akiyya da zafina, azumi ya kama, bakina ya bushe.

Na ce, "Inna, don girman Allah. Mutum ya riga mu gidan gaskiya, kunyar me kuma ta rage?"

Ta ce, "Da ransa ban kira shi ba, sai yanzu da ya kwanta zan yi masa rashin kunya?"

"To wa zai tsaya masa?"

"Allah."

"Ai Allahn ne ya turo ni."

Ta yi dariya har da tari, ta ce wa 'yarta bakina ya fi ni girma. Amma ko gezau ba ta yi ba. Na fito raina a ɓace, na ji haushinta, na ji tausayinta, na rasa wanda ya fi.

A gida na tarar da Umma tana naɗe sambusar buɗa-baki, na zazzage mata komai, har da cewa wannan al'ada ba ta da amfani. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ke dai gaggawa za ta kashe ki. Wa ya gaya miki uwa ce ke shelar ɗa? Ranar suna tana ɗaki a lulluɓe, a ƙofar gida wasu ke faɗa wa duniya. Ki rabu da bakin baiwar Allah, ki nemo waɗanda suka ci naman suna."

Hannuna duk fulawa na ɗauki jawwal, wato wayar hannu, na kira lauya. Ya ce e, inda takardu suka ƙone kotun tana karɓar shaidar mutum biyu amintattu. Matsalar a ina za a same su, mutanen da suka halarci sunan da aka yi tun ina cikin zanen goyo.

Bai san matan Makka ba. Umma ta ja wayarta ta fara da ƙawayenta na gidajen ta'aziyya, wannan ta haɗa ta da waccan, waccan ta ce a tambayi surukarta. Kafin azumi ya raba, an gano matar da ta dafa wa Inna ruwan jego. Layi kaɗan ne tsakaninta da gidanmu a Zahir, ciwon gwiwa ya zaunar da ita, shi ya sa ba a ganinta. Ita ce ta ce akwai wani ɗan garinsu mai sayar da turare a unguwar Shisha, da shi aka yi raɗin sunan.

Na ɗauki ƙanena muka shiga tasi, cunkoson azumi kamar ba za mu isa ba. Tsohon yana jin kalmar kotu ya fara rufe kwalabe. Ya ce shi da ƙyar aka sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba ruwansa da hukuma kowace iri. Na yi masa bayani cewa ba za a bayyana sunansa ga jama'a ba, na haɗa shi da lauya ya ƙara masa, duk da haka yana ta jan gemu. Sai bakin nan nawa ya kuɓuce.

Na ce, "Baba, naman ragon yaron dai ka ci."

Ya zaro ido ya ce, "Wane nama? Ƙashi aka ba ni, wanzami ne ya kwashe tsoka."

Ya fara dariya, sai ya katse. Ya goge ido da gefen rawani ya ce, "Yaron kirki. In na wuce rumfarsa sai ya taso ya karɓi kayana. Wace rana kika ce?"

Bayan la'asar muka taru a ɗakin Inna. Samari suka hau da mai ciwon gwiwa a kan kujera. Na jingina jawwal da tulun shayin buɗa-baki, lauya na kallonmu daga can. Tsohon ya fara, ya faɗi unguwa, ya faɗi limamin da ya yi addu'a, sannan ya faɗi sunan yaron da na ubansa da ƙarfi, kamar yadda aka yi shelarsa a ƙofar gida. Inna ta ja mayafi ta juya fuskarta bango. Mai ciwon gwiwa ta karɓa, ta ce da hannunta ta dafa ruwan, da hannunta ta miƙa jaririn a ba shi nono, uwar tana kawar da kai don mutane, in an fita kuma ta rungume shi. Ina fassarawa da Larabci ina rubutawa, suka dangwala yatsa.

Lauya ya ce ya isa, Hajiya ba sai ta ce komai ba. Ya ce dai yakan tambayi kowa, ko akwai abin da take so alƙalai su ji daga gare ta. Na isar mata. Har na fara tattara takarduna, sai ta yi magana, fuskarta na bango.

"A gaya musu ni na haife shi."

'Yarta ta toshe baki ta fita da gudu. Ni da ake biya don in yi magana, da ƙyar na iya juya kalmomin nan zuwa Larabci. A duk aikin da na yi, ban taɓa jin daɗin fassara kamar ta ranar ba.

An karɓe ta. Lauya ya ce ya karanta maganarta a gaban alƙalai yadda ta faɗe ta. Shari'a ta ja, kamar yadda shari'a takan ja, aka sami mutumin da laifi, aka zo kan diyya. A ciki aka yi wa Inna aikin ido, aka kuma sake gina kasuwar, da bango a bakin ƙofa ɗauke da sunayen waɗanda aka kashe.

Da lauya ya turo min hoton bangon, ban tsaya neman mayafin kirki ba na tafi Ka'akiyya. Inna ta riƙe jawwal ɗin kusa da sabon idonta ta daɗe tana kallo, ko da yake ba ta karatun boko. Ta miƙa wa 'yarta ta ce ta karanta mata. 'Yar ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, Inna na cewa Allah ya ji ƙansa, Allah ya ji ƙanta. Da ta zo kan na yayanta sai ta wuce zuwa na gaba don ladabi.

Inna ta ɗaga hannu ta ce, "Wa ya ce ki tsallake? Koma. Kuma ki ɗaga murya, kunnena ba shi da kyau."