Birnin Matattu na Kaka Hannatu

Ina 'yar shekara tara mahaifiyata ta rasu, Baba ya ɗauke ni daga Samaru ya kai ni Dogarawa wurin kakata Hannatu. Hanyar sabuwar makarantata ta gefen maƙabarta ta bi. Ranar farko da na hango kaburbura, sai na juyo gida da gudu. Daga nan kowace safiya sai in ce cikina na ciwo. Har malamarmu ta aiko cewa in ban koma ba, zan maimaita aji.

Kaka ba ta yi mini faɗa ba. Ta taɓa zuwa Roma ziyarar ibada da matan cocinsu. Sauran suka dawo da labarin manyan majami'u, ita kuwa abin da ya tsaya mata a rai wata tsohuwar maƙabarta ce da aka kai su bayan gari, ta mutanen da suka zauna a Italiya tun kafin Romawa su yi ƙarfi.

"Gari ne guda, da tituna da lunguna," in ji ta. "Kaburburan kamar rumbuna, ciyawa a kansu. In kin shiga, ga gadon dutse har da matashi. A wasu an zana masu busa da masu rawa da damisa a bango, kamar gidan biki."

Bayan tuwon yamma mukan kewaye murhu tun garwashi bai mutu ba, ni da Bulus ɗan kawuna da Ngozi 'yar maƙwabtanmu. A makon nan Kaka ta daina ba mu tatsuniya, ta jefa mu cikinta. Ta naɗa Bulus jarumi mai takobi, Ngozi mai maganin ganye, ni kuma mawaƙiya. Ta sa ƙwayar ludo a gwangwanin madara. Duk abin da mutum ya ce zai yi, sai ya kaɗa: babbar lamba nasara, ƙarama kuwa ya sha wuya.

"Ga ƙofa nan a buɗe, wa zai shiga?" ta ce.

"Mu ne!" Bulus da Ngozi suka amsa. Ni dai na ƙanƙame zanenta.

Labarin shi ne, ɓarayi sun haƙa rami za su kwashe kayan matattu, kuma in suka fita da su, birnin zai nutse. A bakin babban kabari muka tarar da shuɗin dodo riƙe da guduma. Bulus ya zare takobi, ya kaɗa gwangwani, ɗaya ta fito.

"Ya make ka, ka faɗa cikin randa, ƙafafu a sama," in ji Kaka. Ngozi ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɓata nata zagayen wajen shafa masa magani. Kaka ta juyo gare ni. "Rifkatu, ke fa? Me za ki yi?"

Abin da aka koya mini kawai na tuna. Na ce, "Zan gaishe shi."

Kaka ta ƙanƙance ido, ta yi murya mai kauri. "Yawwa, 'yar mutunci! Shekara dubu biyu ina gadin nan, ba wanda ya ce mini sannu da aiki. Ku wuce."

Kwana da kwanaki muna ratsa lungunan birnin, har muka riski ɓarayin a ɗaki na ƙarshe, sun fi mu yawa nesa ba kusa ba. Takobin Bulus ya karye, ganyen Ngozi ya ƙare. Kaka ta ce saura ni, kuma ba abin da ke kewaye da mu sai mutanen da aka zana a bango.

"Su ma matattu ne?" na tambaya.

"Matattu ne. Iyayen wasu ne, kamar mahaifiyarki."

Can na ce zan yi musu waƙa. Kaka ta ce ba a waƙa da baki rufe, sai in yi ta da gaske. Na ɗauko wadda Mama ke yi in tana wanki, wadda ban sake yi ba tun rasuwarta. Na rera ta har ƙarshe. Na kaɗa gwangwani. Shida!

Kaka ta miƙe tsaye, tsohuwa mai ciwon gwiwa. "Sun sauko! Masu busa sun sauko, masu rawa sun sauko, damisar bango ta diro! Ɓarayi sun zubar da kaya, ƙafa me na ci ban ba ki ba!" Bulus ya kife tukunya yana kiɗa, Ngozi ta rangaɗa guɗa, har mahaifiyarta ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya haihu. Ni ina kuka ina dariya a lokaci guda.

Ranar Litinin na sa kayan makaranta ba wanda ya tashe ni. Da na iso gefen maƙabarta zuciyata ta buga, amma na ce, "Sannunku da hutawa," na wuce. Ban maimaita aji ba.

Na daɗe ina ɗauka cewa Kaka jarumta ta koya mini. Sai da na girma na zama ma'aikaciyar jinya, na zauna gefen mutane da yawa a sa'arsu ta ƙarshe, na gane ba tsorona ta cire ba. Nuna mini ta yi cewa waɗanda suka riga mu ba abokan gaba ba ne, namu ne, kuma suna bayanmu. Shi ya sa ranar da muka kai ta makwancinta, ni na shige gaban akwatin, kaina a ɗage, har bakin kabari.