Ƙaiƙayin Ranar Suna a Maiyama

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ina aji uku a karatun likita a Sakkwato. Mun fara darasin magunguna ke nan, ko majiyyaci ɗaya ba a taɓa ba mu mu duba ba, amma kowa a ajinmu yana da 'yar ledarsa ta ƙwayoyi a cikin jaka. Zuwa asibiti abin kunya ne a wurinmu. Ka yanki kati, ka bi layi, don wani ya gaya maka abin da ka karanta jiya? In kanka ya sara sai ka buɗe littafi, ka zaɓi cutar da ta fi kama da taka, ka wuce kemis.

Da aka yi hutu na dawo gida Jega. Wani abokinmu na sakandare da ke koyarwa a Maiyama ya sami ɗan fari, sai muka shirya zuwa suna ni da abokin karatuna, mutumin Aliero. Ana gobe suna jikina ya ɗauki zafi, ko yawu da ƙyar nake haɗiyewa. Nan take na yanke cewa zazzaɓin cizon sauro ne, na kora kulorakwin guda huɗu da ruwan randa.

Da safe abokina ya iso a bayan a-kori-kurar 'yan albasa, muka shiga motar Maiyama. Ba mu yi nisa ba tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi. Kafin wani lokaci ya sauka ƙafa, ya hau baya, har ina goga jikina da kujera. Abokina ya kama hannuna, ya buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure fuska irin ta manyan malamanmu.

"Likita, ƙazuwa ce," in ji shi.

"Allah ya kiyaye! Ni da ke wanka sau biyu?"

Ya zaro tasa ledar, ya ba ni ƙwayar ƙaiƙayi guda biyu. Da ya ga ban daina susa ba ya ƙara mini ɗaya.

Mun tarar an riga an raɗa suna. Mahaifin abokinmu ya shimfiɗa mana tabarma a gindin darbejiya, aka kawo masa da miya, yana ta nuna mu ga mutane yana cewa ga likitocinmu sun iso. Wani dattijo daga Sarandosa ya matso kusa da ni, ya naɗe wando ya nuna mini gwiwarsa, ya fara ba ni tarihinta tun daga damina uku da suka wuce. Ina gyaɗa kai ina susa. Abin da na sani ke nan. Ashe ƙwayar ƙaiƙayin barci take sawa. An ce kifewa na yi a kafaɗar dattijon, da masa a hannuna, har da minshari.

"Wanga yaro mi yas same shi?" in ji maigidan.

A kan babur aka kai ni ƙaramin asibitin garin, abokina yana riƙe da ni ta baya. Nas ɗin da muka tarar wata dattijuwa ce Kirista, mutumiyar Filato, ta daɗe tana aiki a can. Ta shafa mini ruwa a fuska, ta tambayi abin da na sha. Abokina ya fara jero mata sunayen magunguna da Turanci, ta ɗaga masa hannu.

"Buɗe bakinka, ɗana."

Ta haska tocila. Maƙogwarona ne ya kumbura har ya yi mugunya, shi ya kawo zazzaɓin, babu ruwan sauro.

"Ba a koya muku cewa kulorakwin yana sa wasu ƙaiƙayi ba?"

An koya mana. Har a jarrabawa ya fito, kuma mun ci. Ta yi dariya har ta dafa tebur, sannan ta yi mini allura, ta rubuta maganin kwana biyar, ta ce kada in kuskura in ƙara ko in rage.

Na yi barci a ɗakin abokinmu har la'asar. Da na tashi na tarar an ajiye mini soyayyen naman suna a kwano, ga shi ba na iya haɗiya, sai abokina ya cinye a gabana, wai yana taimakon majiyyaci.

A hanyar komawa muka yi ta musun wa ya fi laifi, daga ƙarshe muka yi alkawarin maganar ba za ta kai makaranta ba. Ko kwana uku ba mu yi da komawa ba, na shiga aji na ga rabin 'yan ajin sun juyo suna kallona suna susar hannu.