Lambar Ƙorafin Alhaji Sabo

Shekara biyar ke nan da rasuwar Alhaji Sabo mai jaka, amma har yau wayarsa tana ƙara a aljihuna.

Shi ne shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwar Arewa a Guangzhou. Damuwarsa ɗaya ce: in ɗan'uwa ya rasu a nan, a samu kuɗin kabari, kada gawa ta yi wata guda a asibiti. Da karo-karo ya gaza, sai ya nemo mana gajeriyar lamba a gida, mutum ya tura saƙo a cire sadaka daga katinsa. Hukumar sadarwa ta gindaya sharuɗɗa: rajistar ƙungiya, kamfani mai lasisi, a sanar da kowa abin da za a cire masa, sannan a ba da lambar da mai ƙorafi zai kira. Muka ce a ɗauki ma'aikaci a Kano. Alhaji ya karɓi takarda ya rubuta lambarsa.

Wanda ya tsara wannan doka bai san Alhaji ba. Mutum zai kira rai a ɓace, an cinye masa kati. Alhaji yana tsakiyar ciniki a kasuwar jakunkuna ta Shiling, zai ɗaga wa laoban, wato mai shagon, hannu ya jira, ya tambayi mai kira iyali da damina, ya gano kakansa ɗan unguwarsu ne. Kafin a yi sallama, mai ƙorafi ya ba da haƙuri, ya kuma tura wani saƙon. Da kamfanin ya yi masa kashedi cewa layin na mayar wa mutane haƙƙinsu ne, sai ya ce ai haƙƙinsu na lahira yake tsare musu.

Ni na gaji layin, ban gaji bakin ba. Duk wanda ya kira, mayar masa da kuɗinsa nake yi. Bana kamfanin ya ce a sa na'ura ta riƙa amsawa, na kusa yarda. Da Alhaji na nan, da ya tambayi na'urar 'yar gidan wa ce.

Watan jiya wata dattijuwa ta kira daga Funtuwa. Ta ce ba ta da ƙorafi, tsohon nan take nema su gaisa, ta daɗe ba ta ji shi ba. Na faɗa mata ya rasu. Ta ce, "An dai samu an binne shi da wuri?"

Na ce, "Washegari, Hajiya. Da kuɗin saƙonninku."

Wallahi ina kewarsa. Na shaida wa kamfanin su riƙe na'urarsu.