Na Ce wa Baba Na Karanta

Babanmu ba ya sa hannu a takardar da ba a karanta mashi ba. Duk Ketare an san shi da wannan. Ko takardar rabon taki ce, sai ya tsayar da layi, malamin gona ya karanto mashi tun daga sama har ƙasa, mutane na ta tsaki a baya, shi ko a jikinsa. Yana karanta ajami da Hausar boko, Turanci ne kawai ya gagare shi. Shi ne limamin masallacin unguwarmu tun kafin in yi wayo.

Ni na sai mashi waya, ni na nuna mashi burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, da wurin rubuta tambaya. Farashin masara yake dubawa, sai wa'azi. Abin da na ɗauka ke nan.

Wata Asabar da damina na zo gida daga Kankara, inda nake koyarwa. Zan koma ke nan, hadari ya haɗo, mai babur na ta danna mani oda a ƙofar gida, sai Baba ya kira ni zaure ya miƙo wayar.

"Malamin boko, kwana uku wannan rubutu ya tare mani hanya. Me suke cewa?"

Sanarwa ce. Masu burauzar sun canza ƙa'idojinsu na sirri, suna so a danna an amince. Na ja rubutun da yatsa, ya ƙi ƙarewa. Wallahi ko layi biyu ban karanta ba.

"Ba komai ba ne, Baba. Sun ce sun ƙara tsare sirrin mutane."

"Ka karanta duka?"

"Na karanta."

Sai ya rage murya. "To abin da mutum ya tambaya a nan, wa ke gani?"

Duk mai hankali zai tsaya a nan. Dattijo ya rage murya a zauren gidansa, ba kowa sai ɗansa. Amma ni hankalina na kan laka da gadar da ruwa ke shafewa. Na ce babu mai gani, na danna, na hau babur.

Ashe Baba ya yi watanni yana fama da yoyon fitsari. Ko Innarmu bai gaya wa ba. Wayar yake tambaya: maganinsa, da hukuncin alwalar mai wannan lalura, da ko ya halatta ya ci gaba da jan sallah. Kunya ta hana shi tambayar mutum, sai ya tambayi abin da na tabbatar mashi ba ya da baki.

Ba a yi wata ɗaya ba tallace-tallace suka fara fitowa a shafin farko. Hoton tsoho riƙe da mara, hoton kunzugun manya, kwalaben magani. A majalisar ƙofar masallaci kuwa waya ba ta mutum ɗaya ba ce, hannu-hannu take yawo. Wani maƙwabcinmu ya karɓa zai duba farashin masara, ya gani, ya yi dariya ya nuna wa na kusa. Wani da ya yi zaman birni ya ce ai waya ba ta kawo maka tallan abin da ba ka nema ba. Ba da mugunta ya faɗa ba, gwaninta ce kawai. Baba ya karɓi wayarsa ya sa aljihu.

Daga nan sai ƙus-ƙus. Babu wanda ya tunkare shi, amma mutum biyu suka koma wani masallaci, wani kuma aka gan shi yana sake sallah a gida. Malamai sun yi bayanin wannan lalura, akwai sauƙi a cikinta, Baba ya fi kowa sani. Duk da haka ranar wata Alhamis da azahar ya kama hannun na'ibinsa ya tura shi gaba.

Da Inna ta ba ni labari, na zauna na karanta ƙa'idojin nan, sau biyu, da ƙamus a gefe. Kai, ban taɓa ganin rubutu mai santsi irin wannan ba. A sama sun ce sirrinka na da daraja a wurinsu. Can ƙasa sun ce za su iya raba wasu bayanai da abokan hulɗarsu. Waɗanne bayanai? Su wane ne abokan? Har yau ban iya rantsuwa cewa canjin nan ne ya jawo tallan ba, wataƙila da ma can haka abin yake. Abin da na sani, mai digiri ya karanta bai gane ba, balle wanda bai karanta ba ya ce babu mai gani. Na ji haushinsu ƙwarai, amma ba su ne Baba ya tambaya ba.

Na kai shi asibiti, an ba shi magani, daga baya ya samu sauƙi sosai. Ranar, a hanyar dawowa daga asibitin, muna jiran mota ta cika, na faɗa mashi gaskiya.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ciwo dai ba kai ka sa mani ba. Amma da ka ce ba ka karanta ba, ai da na jira ka dawo."

Na'ibin ya zo har gida sau biyu yana roƙon ya koma gaba, ya ƙi. Yanzu idan na zo Ketare, a sahun baya nake samunsa, daf da ƙofa. Nan nake tsayawa kusa da shi, kafaɗata na taɓa tasa, ina jin yana bin karatun limamin a hankali.